Shin Akwai Amintacciyar Hanya Zuwa Gidan Caca?

A cikin tambayoyin da wannan zamani ya haifar, waɗanda malamanmu na zaure ba su taɓa jin irinsu ba sa'ad da suke biya wa almajirai Risala da Askari, akwai wata da samari kan yi wa wanda suke ganin ya fi su sanin sha'anin waya, ita ce: ta wace hanya mutum zai sauke manhajar caca, ya zuba kuɗi, ya buga, ba tare da 'yan damfara sun yashe masa asusu ba? Ba a rasa masu amsawa ba. Sukan ce a tabbatar kamfanin yana da lasisi, a ɗauko manhajar daga shafinsa na ainihi, kada a karɓe ta daga adireshin da wani ya turo ta WhatsApp, a duba irin iznin da take nema a waya, kada kuma a ba kowa lambar sirrin kati, ko lambar nan ta wucin gadi da banki kan turo, ko BVN. Duk wannan gaskiya ne gwargwadon abin da aka tambaya, ba na kuwa zargin masu faɗarsa da mugun nufi. Abin da ya dame ni shi ne tambayar kanta, domin ta riga ta yanke hukunci a kan babbar mas'ala tun kafin a buɗe baki, ta ɗauka cewa haɗarin yana bakin hanya, wajen ɓarayi da masu manhajar jabu, alhali wanda ya tsallake su duka ya isa lafiya, inda ya isa ɗin nan ne ake karɓar kuɗinsa.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ba ya neman mutum ya yi imani da kome kafin ya yarda da shi. A ɗauka ga wasan ƙwallo wanda abu biyu suka yi kunnen doki a cikinsa, ko a ci ƙwallo 3 zuwa sama, ko a kasa kaiwa. Mutum biyu suka zuba naira 1,000 kowannensu, wannan ya zaɓi ɗaya, wancan ya zaɓi ɗaya. Da tsakaninsu ne kawai, da wanda ya ci ya kwashi naira 2,000. Amma kamfani, da yake shi ne mai yanka farashi, sai ya yi alkawarin biyan, a misali, naira 1,900, ya riƙe 100, kuma zai riƙe ta ko wane ne ya ci. Wannan kashi 5 cikin 100 a bayyane yake cikin lambobin da ke kan waya, doka ba ta kiransa sata, da shi ake biyan ma'aikata da haraji da masu talla. Lasisi shaida ce cewa kamfanin zai biya wanda ya ci. Babu lasisin da ke cewa jimillar abin da masu bugawa za su karɓa za ta kai abin da suka zuba, domin ranar da haka ta tabbata ranar kamfanin zai rufe.

Samarinmu kuwa ba safai suke tsayawa kan wasa ɗaya ba, saboda ribarsa ba ta cika ido. Sun fi son su jera wasanni 10 ko 15 a tikiti guda, daga Ingila zuwa Sifen zuwa Italiya, da naira 100 ko 200. To, in wasannin 10 ne, kowanne kuma irin wancan mai fuska biyu daidai, damar a dace da su duka ɗaya ce cikin 1,024. Adalci zai sa mai naira 100 ya karɓi 102,400 in ya dace, amma abin da za a ba shi bisa wancan farashi naira 61,300 ne da 'yan kai, domin rabon kamfani yana hawa kan kansa a kowane wasa har ya kai kusan kashi 40 cikin 100. Tikitin da talaka ya fi ƙauna shi ne wanda ya fi yi masa tsada. Sa'an nan sau da yawa wasanni 9 kan zo daidai, ɗaya ya ɓata, sai saurayi ya kwana yana cewa saura kaɗan, Arsenal ce ta yanke masa tikiti, alhali wanda ya ɓata ɗaya da wanda ya ɓata goman abu guda suka samu. Wannan saura kaɗan ɗin ita ke mayar da shi gobe.

Larabawan Jahiliyya suna da tasu cacar, wadda Alƙur'ani ya kira maisir, ya kuma kamata a san siffarta, domin in an jera ta da tamu, tasu ce ta fi kusa da mutunci. Malaman tafsiri sun bayyana cewa akan yanka raƙumi, a zuba kibau 10 a jaka a hannun wani amintacce. 7 daga cikinsu suna da rabo, daga mai kashi 1 har zuwa mai kashi 7, jimilla 28, sauran 3 kuwa wofi ne, waɗanda wofin ya fita da sunansu su ne za su biya kuɗin raƙumin ba su sami ko tsoka ba. Waɗanda suka ci kuma ga matalauta suke rabar da naman, suna alfahari da haka, suna zargin wanda ya ƙi shiga da rowa. Ga caca da amintaccen mai riƙo, babu mai gida da ke yankar rabo, ga ciyar da miskinai a ƙarshenta. Duk sharuɗɗan da mai ba da shawara zai nema sun cika, har da ƙari. Duk da haka aya ta 219 ta Suratul Baƙara, bayan ta yarda cewa ba a rasa wani amfani a cikinta ba, ta nuna zunubin ya rinjaya. Daga baya aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka zo da hani yankakke, suka jera ta tare da giya da gumaka, suka kuma ambaci illa biyu, wato gaba tsakanin mutane, da shagaltuwa daga ambaton Allah da salla. Da a ce rashin amanar mai riƙon kuɗi ne dalilin haramcin, da gyaran amana ya isa ya halatta ta. Amma ɓarnar tana cikin ainihin ƙullin, inda dukiyar wani ke komawa hannun wani ba da musayar kome ba, sai don kibiya ta fito ko ƙwallo ta shiga raga.

Samari masu hankali, waɗanda ba su rasa karatu ba, sukan kawo wata hujja da ta cancanci a saurare ta da natsuwa. Sukan ce: Malam, wace sana'a ce babu kasada a cikinta? Manomi yakan binne irinsa bai san yadda damina za ta kasance ba. Ɗan kasuwar Dawanau yakan sayi masara da kaka ya ajiye, farashi ya faɗi ya karye. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja wata da watanni neman goro, wasu ba su dawo ba. Don me kasadarmu kaɗai ta zama haram? Amsa ita ce shari'a ba ta hana kasada don kasancewarta kasada ba, ba ta ma hana ƙuri'a ba, tun da ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya, inda babu wanda ya zuba dukiya balle ya rasa ta. Kasadar manomi da ta falke tana rataye ne da aikin da ke ƙara wa duniya wani abu: in sun dace, gero ya ƙaru a rumbu, goro ya iso kasuwa, mai saye da mai sayarwa kowa ya koma gida da abin da ya fi so, in ba su dace ba, babu ɗan'uwansu da ya azurta da asararsu. Ita kuwa caca da gangan aka ƙirƙiri kasadarta don a raba mai ci da wanda aka ci, farin cikin ɗaya ba ya yiwuwa sai da baƙin cikin ɗaya.

Imamu Malik ya buga misali a cikin Muwaɗɗa, a babin cinikin garari, wanda ya fayyace wannan fiye da dogon bayani. Mutum ne dabbarsa ta ɓace, kimarta dinari 50, sai wani ya ce zai saye ta a ɓacen da dinari 20. In ya same ta ya ci mai ita da 30, in bai same ta ba mai ita ya ci shi da 20. Ga yarda daga kowane ɓangare, ga ma dabba ta gaskiya tana wani wuri tana kiwo, amma Malik ya sa shi cikin haramtaccen ciniki, domin babu yadda za a tashi daga gare shi ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba. In wannan ne hukuncin cinikin da akwai dabba a cikinsa, ina ga wanda babu kome a cikinsa sai zato? Daga nan ake gane raunin maganar nan da ake yawan yi, cewa ai kuɗina ne, da yardata na zuba, ban saci na kowa ba. Yarda sharaɗi ce a ciniki, amma ba ita kaɗai ba ce. Mai karɓar bashi da ruwa ma da yardarsa yake sa hannu.

Akwai kuma masu cewa tasu ilimi ce, domin sun san wanda ya ji rauni a Real Madrid, sun san ƙungiyar da ba ta cin wasa a waje. Ban musa cewa sun san ƙwallo ba, sai dai kamfanin da ya yanka farashin ya san abin da suka sani, ya kuma riga ya zuba sanin a cikin farashin tun kafin su farka daga barci. Ta fuskar fiƙihu kuwa, ko gasar da gwaninta ce zalla ba a sake ta haka nan ba. Wanda ya karanta Risalar Ibnu Abi Zaid har ƙarshenta zai tuna cewa an yi rangwamen sa lada ne a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, sa'an nan aka kawo ra'ayin Malik cewa mutum ɗaya ne zai fitar da ladan, in wani ya tsere masa ya ɗauka, in kuwa shi ya yi gaba ba zai mayar da shi aljihu ba, sai ya tafi ga mai bi masa, ko ga waɗanda suka halarta in su biyu ne kawai. In an tsananta haka ga mahayin da ya sha rana a kan sirdi, ina matsayin ɗan kallo da ke kishingiɗe a ɗaki a Kano ko Damagaram yana zuba kuɗi kan gumin wasu a Landan? Balle kuma wasannin nan na kwamfuta, waɗanda babu ɗan'adam ko ɗaya a filinsu, ana farawa ana gamawa cikin 'yan mintoci dare da rana. A nan ko inuwar ilimi babu.

Abin da ya fi tsorata ni, duk da haka, shi ne abin da waya ta cire daga caca, domin hukuncin caca tsoho ne, wannan kuwa sabo ne. A da, wanda zai yi caca, ko ta wuri ko ta karta, dole ya tashi ya tafi inda ake yi, a bayan kasuwa ko a bariki ko wani kango a gefen gari, kuma a kan hanyarsa akwai idon jama'a: wani zai gan shi ya shiga, wani zai gaya wa ubansa, ranar da ya je neman aure kuma a tuna masa. Dole ya sami abokan yi, su kuwa sukan gaji su tashi. Dole ya riƙe kuɗi a hannu, ya ga suna raguwa, in sun ƙare ya miƙe. Dare kan raba, kiran asuba kan watsa taro. Waɗannan duka, ko da ba wanda ya shirya su don haka, sun tsaya tsakanin mutum da halakarsa, da yawa kuma kunya ce ta tserar da su tun kafin tsoron Allah ya zauna a zukatansu. Manhaja ta kawar da su gaba ɗaya. Ba ta rufewa, ba ta gajiya, ba ta neman aboki. Kuɗin da ke cikinta lambobi ne a kan gilashi, ba su da nauyi a tafin hannu, asusun banki kuma yana manne da ita. In mutum ya kwana biyu bai leƙa ba, sai ta aiko masa da saƙo da tayin kyauta. Yaro yana zaune da mahaifinsa a tabarma ɗaya yana asarar kuɗin makarantarsa, ba wanda ya sani. Mafi yawan shawarwarin aminci kuwa wannan sauƙi da wannan sirri suke ƙarfafawa, domin manhajar da ba ta da matsala, mai biya da wuri, mai rufa asirin mai ita, ita ce wadda mutum zai daɗe a ciki; ta jabu takan ci mutum sau ɗaya ya gudu, ta gaskiya tana tare da shi shekaru.

Wani zai ce, to ai ɗaya daga cikin illoli biyun da ayoyin Ma'ida suka ambata ta kau, tun da babu abokin caca da za a yi faɗa da shi. Gabar tana nan, gida ta koma. Tana tsakanin miji da matar da aka sayar da 'yan kunnenta, tsakanin maigida da yaron shagon da ya taɓa kuɗin ciniki da niyyar mayarwa in ya ci, tsakanin mai POS da wanda ya ba shi jari, tsakanin abokan da aka ci bashinsu aka daina ɗaga wayarsu. Illa ta biyu kuwa ba ta neman hujja ga wanda ya taɓa ganin mai tikiti a daren Asabar, jikinsa a sahu, zuciyarsa a minti na 88.

Hukuma ta yi abin da hannunta ya kai. A shekarar 2024 Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca da dama, a watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon wannan al'amari a ƙasarta. Sai dai kwaɗo a ƙofar shago ake sa shi, shagon da ya shiga aljihu kuwa ba shi da ƙofa. Su ma ƙasashen da suka halatta caca suka kewaye ta da dokoki ba su huta ba: a Ingila an rage abin da za a iya zubawa a bugu ɗaya a injinan shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2 a 2019, an hana caca da katin bashi a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a sashe ɗaya da jarabar kayan maye. Mutanen da ba su karanta Suratul Ma'ida ba sun biyo ta asibiti da majalisa, sun iso inda aka haɗa giya da caca wuri guda.

Yanzu mu zo ga mas'alar da ta fi wuya, wadda ban ga ya dace a tsallake ta da tsawa ba. A ce ga wanda ya riga ya faɗa, an yi masa nasiha bai ji ba, kuma tabbas zai buga yau da dare. Shin a bar shi 'yan damfara su kwashe har kuɗin cefanen iyalinsa, ko kuwa a nuna masa yadda zai tsare kansa? Masu ganin a nuna masa suna da madogara a usulu, wato ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Ibnul Ƙayyim ya ruwaito cewa malaminsa Ibnu Taimiyya ya wuce wasu sojojin Tatar suna shan giya, wani daga cikin abokan tafiyarsa ya tsawata musu, sai shehin ya hana shi, bisa dalilin cewa giyar tana shagaltar da waɗannan ne daga kisan mutane da kwasar dukiyarsu. Wannan fiƙihu ne mai zurfi, ina kuma ganin yana da wuri a nan, amma a lura da iyakarsa: shehin ya bar su a halin da ya same su, bai nuna musu inda ake sayar da giya mai kyau ba. Tsakanin kame baki daga hani saboda tsoron ɓarna mafi girma, da miƙa hannu a kama aikin, akwai iyakar da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta shata, inda aka hana taimakekeniya a kan zunubi.

Don haka ma'aunin da nake gani, Allah ne mafi sani, shi ne a dubi inda shawara ta fuskanta, ciki ko waje. Gaya wa mutum kada ya ba kowa lambar sirrinsa tsaron dukiya ne wanda ya shafi ɗan caca da wanda ba ɗan caca ba, ba a kuwa hana mai saɓo haƙƙinsa na nasiha. Nuna masa yadda zai rage iyakar zubinsa, ya raba katinsa da manhajar, ya kashe saƙonnin talla, ya nemi kamfanin ya rufe masa asusu na watanni ko har abada, duk wannan jan mutum ne zuwa ƙofar fita, ina kuma yi wa mai yinsa fatan lada ko da wanda ake ja bai fita yau ba. Amma zaɓar masa kamfanin da ya fi biya, da sauke masa manhajar, da kwantar masa da hankali cewa yanzu ya shiga lafiya, wannan rakiya ce zuwa ciki, ko da an yi ta da kyakkyawar zuciya. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, da ɗalibin da abokansa ke kawo wa wayoyinsu, su wannan mas'ala ta fi shafa, domin su ake tambaya kafin a tambayi limami. Akwai hadisi a Buhari da Muslim, daga Abu Huraira, wanda ya umarci duk wanda ya kira abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka, kiran kaɗai ya isa a nemi kankararsa ko da ba a kai ga bugawa ba. Yau kuwa kiran ya zama sana'a mai zaman kanta, ana ba mutum lada in ya shigo da wani, ana tura lambar tikiti a zaurukan WhatsApp da Telegram don jama'a su kwafa, ana ɗora hoton tikitin da ya ci ana ɓoye waɗanda suka faɗi, saurayin da ya tura lamba ga abokansa da safe kuma yana jin alheri ya yi musu.

Ba zan yi adalci ba in na bar maganar kamar kwaɗayi ne kaɗai ya kai su. Wanda ya gama makaranta ya shekara yana yawo da takardu, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ke cinye abin da yake samu, wanda ake tambayarsa lefe da sadaki da gidan haya, shi ne ke duban naira 200 ya ga ba za ta zama jari ba, sai ya ce gara ya sayi burin kwana ɗaya da ita. Yakan kira wannan neman rabo, har ya haɗa da addu'a, alhali tawakkali dogaro ne ga Allah bayan riƙo da sababin da Ya halatta, ba a kuwa neman abin da ke wurin Allah ta hanyar da Ya rufe. Sai dai wanda zai gaya masa haka, in yana da hali, ya kamata ya zo da wani abu a hannunsa ban da magana. Iyayenmu mata sun san hanyar da ƙaramin kuɗi ke taruwa ba a ci kowa ba, ita ce adashi, inda kowa ke zubi kowa ke kwasa. Shari'a kuma ta buɗe ƙirali, inda mai dukiya ke ba mai ƙarfi jari su raba riba, ta buɗe rance mai kyau, ta wajabta zakka. Attajirin da ke la'antar 'yan caca a majalisa alhali bai taɓa ɗaukar yaro ɗaya ya koya masa ciniki ba, shi ma akwai tambayar da ke jiransa.

Saura wanda ya yi niyyar fita, yana tambayar yadda zai yi da kuɗin da ke cikin asusun. Uwar kuɗinsa da ya zuba tasa ce, ya cire ta. Abin da ya ƙaru ta hanyar ci kuwa, tun da an tattaro shi ne daga mutanen da ba zai taɓa sani ba, abin da malamai suka tafi a kai game da irin wannan dukiya shi ne a fitar da ita ga matalauta ko ayyukan amfanin jama'a da niyyar tsarkake hannu. Imamu Gazali ya sassauta wa wanda shi kansa matalauci ne, cewa ya ɗauki gwargwadon buƙatarsa da ta iyalinsa. Bashin da ya ci a hannun mutane don ya buga yana nan a wuyansa cif, tuba ba ta sauke shi, kuma mafi munin abin da zai yi shi ne ya ce bari ya buga sau ɗaya tak ya biya, domin ta wannan ƙofa da yawa suke komawa. Goge manhaja ma ba ya isa, tun da sake sauke ta ba ya cin lokaci. Abin da na ga ya fi amfani shi ne ya zaɓi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, mahaifi ko yaya ko matarsa ko malaminsa, ya gaya masa adadin gaskiya ba ragi, ya damƙa masa katinsa da ikon duba asusunsa na wasu watanni. Fiƙihu ya san wannan tun da daɗewa a babin hajru, inda alƙali ke riƙe dukiyar wanda ba ya iya tattalinta har sai ya nuna shiriya, sai dai a nan mutum ne ke neman a yi masa da bakinsa. Wanda aka damƙa wa wannan amana kuwa ya sani cewa in ya tona asirin a majalisa, ko ya mai da shi abin gori duk lokacin da aka saɓa, yaron ba zai sake gaya wa kowa ba, sauran samarin unguwa kuma suna kallon yadda za a yi da shi kafin su yanke shawarar ko su ma za su yi magana.